Tsohuwar Libarba a Akwatin Baba

A unguwar Yelwa ta birnin Garwa, a arewacin Kamaru, akwai wani malamin makaranta wanda ya yi ritaya. Shi ne babba a gidansu. Sa'ad da mahaifinsu ya rasu, aka gama zaman makoki, baƙi suka watse, sai ya tara 'yan'uwansa domin a buɗe akwatin ƙarfe na marigayin a gaban kowa. Suka tarar da takardun gida, da katin aiki, da hotuna, da riguna biyu na saƙi. A can ƙasa kuma, a naɗe cikin tsumma mai maiƙo, sai ga libarba, wato ƙaramar bindigar hannu mai 'yar ganga da take juyawa. Kusa da ita akwai wani gwangwanin madara da harsashi huɗu a ciki.

Ba wanda ya yi mamakin ganinta, gama dukansu sun taɓa jin labarinta tun suna yara. Ta kakansu ce. Abin da ya ba su mamaki shi ne kyanta. Baƙa ce wuluk, sumul, tana ƙyalli kamar jiya aka fito da ita daga kanti. Ko ɗigon tsatsa babu a jikinta.

Ƙanen Malam ne ya fara magana. Shi manomi ne a wajen Tuboro, cikin yankin Mayo-Rey. Yana noman auduga yana sayar wa kamfanin Sodecoton, yana kuma da 'yan shanu. A shekarun nan masu satar mutane domin kuɗin fansa sun dami wannan yanki ƙwarai. Ya ce, "Yaya, ku ba ni ita. Kun san yadda muke kwana a can. Ga ta sabuwa ful, ga harsashi. Ko sau ɗaya aka ji ƙararta a gidana, za a san gidan ba na banza ba ne."

Ƙanwarsu kuwa mijinta ya rasu, ya bar mata 'ya'ya uku a makaranta. Ta ce, "Ni dai a sayar da ita, Yaya. Na ji Turawa suna sayen tsofaffin kaya da tsada, balle irin wannan da ko ƙwarzane ba ta da shi. A raba kuɗin, kowa ya yi maganin abin da ya dame shi."

Malam ya dubi wannan, ya dubi wancan. Kowannensu yana da gaskiyarsa, kowanne kuma buƙatarsa ta ainihi ce. Amma ya lura da abu guda, dukansu biyu a kan ƙyallin suka dogara. Ƙanen ya ga ƙyalli ya ce za ta harba, ƙanwar ta ga ƙyalli ta ce za ta yi kuɗi. Sai ya roƙe su su ba shi wata ɗaya ya bincika. Ya mayar da ita cikin tsummanta, ya kulle akwatin, ya sa mabuɗin a aljihu.

Mai karatu zai iya zaton kowane kaya farashinsa ɗaya ne. Tsohuwar bindiga ba haka take ba. Ma'auni biyu gare ta. Mai harbi yana tambaya ko tana aiki, ko kuma za ta cuci mai riƙe da ita. Mai tara kayan tarihi yana tambaya ko tana nan yadda ta fito daga masana'anta, ko kuma akwai shaidar inda ta bi. Sau da yawa abin da ya gamshi ɗayan yakan ɓata wa ɗayan rai. Malam bai san wannan ba tukuna. Cikin watan nan ne ya koya.

Ya fara da gwaggonsu, ƙanwar marigayin, wadda ta haura shekara 80. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka zauna da kakan. Da ma akwai labari biyu a gidan. Maza sukan ce kakan yana cikin mayaƙan da suka shiga Garwa a 1915, a hannun wani Bajamushe ya ƙwace libarbar. Da Gwaggo ta ji haka sai ta yi dariya. Ta ce, "Ɗana, babanmu bai taɓa ƙwatar ko allura ba. Dokin wani hafsan Faransa yake kiwo. Daga baya, da ya iya bakinsu, ya zama tafinta. Da Baturen zai koma gida ya ba shi ita. Haka innarmu ta faɗa mini." Malam ya tambaye ta ko a wace shekara ce. Ta ce ita ba ta san shekara ba, ba a ma haife ta ba a lokacin.

Yana da kyau a tuna da abin da ya faru a Garwa a wancan zamani, domin a gane dalilin da ya sa shekarar take da muhimmanci. Jamusawa sun kama garin a 1901, suka mai da shi sansaninsu a bakin kogin Binuwai. Sa'ad da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi, sojojin Ingila suka taso daga Yola suka fāɗa wa Garwa a ƙarshen watan Agusta na 1914, amma aka kore su, aka kashe shugabansu Maclear. A watan Afrilu na 1915 shugaban Jamusawan Garwa, Kyaftin von Crailsheim, ya ƙetara iyaka ya kai hari Gurin a ƙasar Nijeriya. Sa'an nan Kanar Cunliffe ya zo da rundunar Ingila, Brisset kuma ya zo da ta Faransa, suka kewaye garin. Suka yi ta ruwan igwa tun daga 31 ga Mayu, har Jamusawa suka miƙa wuya ran 10 ga Yuni, 1915. Waɗanda suke kan dutsen Mora, can arewa, su ne suka daure har watan Fabrairu na 1916. Bayan yaƙin Faransa ta riƙe wannan ɓangare na Kamaru har ranar 1 ga Janairu, 1960. To, idan libarbar ta zo tare da rundunar Brisset, ta ga faɗuwar Garwa ke nan. Idan kuwa wani hafsa ne ya kawo ta shekaru 10 ko 20 bayan haka, wannan wani labari ne dabam.

Kafin Malam ya tashi, Gwaggo ta ƙara masa wani abin da bai tambaya ba. Ta ce a dā bindigar ba baƙa ba ce haka. Launinta kamar na tsohuwar fartanya yake, ta koɗe a wurin da hannu yake kamawa. Wata damina rufin ɗaki ya yi yoyo, ruwa ya shiga akwatin, tsatsa ta kama ta. Da marigayin ya gani sai hankalinsa ya tashi, ya ce ba zai bar kayan ubansa ya lalace a hannunsa ba. Ya kai wa wani abokinsa makaniki. Bayan mako guda aka dawo da ita tana walƙiya, ya yi ta nuna wa mutanen gida da murna.

Daga nan Malam ya nemi wanda ya san bindiga. Aka kwatanta masa wani tsoho wanda ya yi shekaru yana kula da bindigogin masu farauta a sansanonin da suke kewaye da gandun dajin Binuwai. Malam bai yarda ya fita da libarbar kan titi ba, sai ya je ya ɗauko tsohon a babur. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, aka ɗora farin ƙyalle, aka ajiye ta a kai.

Abin da tsohon ya fara yi shi ne ya juya bakinta wajen katanga, ya buɗe gangar, ya tabbatar ba kome a ciki. Gangar ta fito ta hannun dama. Ya ce, "Malam, maganar Bajamushe ta ƙare tun daga nan. Libarbar sojan Jamus ta wancan zamani gangarta ba ta fitowa waje, ɗaya-ɗaya ake ɗura mata ta wata 'yar ƙofa. Ta Ingilishi, wadda ake kira Webley, karyewa take yi ta sama. Yawancin sauran ta hagu suke buɗewa. Wadda take buɗewa ta dama haka, ta sojan Faransa ce, samfurin 1892."

Gaskiya ya faɗa. Masana'antar makamai ta gwamnatin Faransa a garin Saint-Étienne ita ta ƙera wannan samfuri, tun daga 1892 har zuwa 1924, kimanin guda 350,000. Harsashi shida take ci, mai faɗin milimita 8. Hafsoshi aka fara ba, ta kuma bi su duk inda Faransa ta yi mulki. A gefen dama na jikinta akan rubuta sunan masana'antar. A bisa bututun akan buga samfurin. A gefen bututun kuma akan buga harafin S tare da shekarar da aka yi shi. Kowace tana da lambarta, harafi ɗaya a gaba sa'an nan alƙaluma, wadda masana sukan gane shekarar ƙira da ita.

Tsohon ya sa tabarau, ya karkata bututun wajen hasken rana. Ya daɗe yana dubawa. Sa'an nan ya miƙa wa Malam ya ce ya karanta. Malam ya ga harafin S, ya ga 1, ya ga 9. Bayan wannan sai ƙarfe sumul. Alƙaluma biyun ƙarshe sun tafi. Suka nemi lambar jikin, suka tarar harafin da rabin alƙaluman sun shafe. Sunan masana'antar ma ya zama kamar sawun kaza bayan an yi yayyafi.

Malam ya yi shiru. Da alƙaluman nan biyu suna nan, da sun nuna ko an yi bututun kafin Yuni na 1915 ko bayansa. Da an ga 1921, an san ba ta ga yaƙin Garwa ba. Da an ga 1908, ƙofar tana buɗe, sai a ci gaba da bincike. Tsatsa ba ta cinye su ba. Injin goge ƙarfe ne ya ɗauke su cikin 'yan mintoci, a hannun mutumin da yake so ya kyauta wa abokinsa.

Tsohon ya bayyana masa yadda abin yake. Baƙin da masana'anta take sa wa bindiga ba fenti ba ne. Fatar ƙarfen ce da kanta ake juya ta ta zama baƙa mai shuɗi-shuɗi, ba ta kuwa kai kaurin gashi ba. In ana so a sāke wannan launi bayan tsatsa ta yi ramuka, dole a kankare ƙarfen har a kai ƙasan ramukan. Abin da yake tafiya da tsatsar, shi yake tafiya da rubutun. Ya nuna masa alamun da mai ido yake ganewa nan da nan. Kusurwoyin bututun da ya kamata su yi kaifi sun dakushe. Bakin ramukan ƙusoshi ya lotsa kamar cokali. Kunamar da 'yar gudumar, waɗanda masana'anta takan bar su da launin karan dawa, su ma an baƙanta su. Ya kwance ƙusa ɗaya, ya buɗe murfin gefen hagu wanda yake lilo kamar ƙofa. A can ciki, inda injin bai kai ba, sai ga launin asali yana nan.

"Baba, to yaya aka yi ta yi baƙi haka?" in ji Malam.

"Aikin gareji ne. A gasa ƙarfe da wutar walda, a tsoma a baƙin mai. Yana kyau a kan ƙusar mota. Amma wuta tana kashe ƙarfin sifirin, ba kuwa wanda zai iya faɗa maka iyakar zafin da gangar nan ta sha a ranar. Gyaran gangar Abzinawa ke nan."

Sa'an nan ya koma kan tambayar ƙanen. A nan ya yi adalci. Ya ce sāke launi shi kaɗai ba ya hana bindiga aiki. A ƙasashen da doka ta yarda da harbin wasa, akwai masu neman irin waɗannan da gangan, gama suna da araha, mutum kuma ba ya jin ciwon ƙwarzane a kansu. In cikinta lafiya ne, to lafiya ce. Saboda haka ba fatar za a duba ba, cikin za a duba.

Ya ja 'yar gudumar baya a hankali, sau shida, yana sauraro. Dole kowane rami na gangar ya tsaya daidai da bakin bututun, ya kulle, kafin gudumar ta sauka. A ramuka huɗu ta kulle. A biyu ba ta kai ba, sai da ya taɓa ta da yatsa. Ya ce in aka harba a haka, harsashin zai daki gefen bututun, ɓarɓashin ƙarfe ya fantsamo gefe, inda hannun mutum yake ko fuskar na kusa da shi. Ya girgiza gangar gaba da baya, ta yi motsi fiye da kima. Ya sa farar takarda a bayan bututun ya leƙa ta gaba. Zanen da yake murɗe a ciki, wanda yake sa harsashi ya tafi sosai, ya cika da ramuka. Dalili kuwa, harsashin dā yakan bar wani gishiri a cikin bututu. In ba a wanke da ruwa ba, gishirin yakan jawo laima ya ci ƙarfen. Makanikin ya gyara waje, bai taɓa ciki ba.

Da aka zo kan harsashi huɗun nan na gwangwani, tsohon bai ma so ya daɗe da su a hannu ba. Sun yi kore a gindi. Ya ce tsohon harsashi yakan ƙi tashi, wani lokaci kuma yakan yi jinkiri, sai mutum ya juyo da bindigar yana dubawa sa'an nan ta tashi. Samun sabo irinsa kuwa ba abin da ake yi a Garwa ko Marwa ba ne, gama harsashi ne na wannan samfuri musamman, sojojin da suka yi aiki da shi sun daɗe da barinsa. Wanda ya rasa, zuciyarsa za ta raya masa ya cusa wani irin da ya yi kama, nan kuwa ake rasa yatsu. Ya rufe da cewa, "Ka gaya wa ƙanenka, ko tana sabuwa harsashinta ba shi da ƙarfi. Mutanen da yake tsoro Kalashnikov suke ɗauka, mai cin 30. Wannan ba za ta kore su ba. Za ta dai ba su dalilin harbi."

Saura ma'auni na biyu. Malam yana da 'ya wadda take karatu a Faransa. Ya ɗauki hotunan libarbar ta kowane gefe da waya, har da wuraren da rubutun ya shafe, ya aika mata. Ita kuma ta nuna wa wani dillalin tsofaffin makamai. Amsar ba ta daɗe ba. Mutumin ya ce irin wannan samfuri ba wuyar samu gare shi ba a can, tun da an ƙera da yawa. Saboda haka abu biyu ne kawai suke ɗaga darajar ɗaya bisa sauran, ko ta kasance da launinta na asali da rubutunta cikakke, ko kuma a sami takardar da ta haɗa ta da wani mutum ko wani yaƙi. Wannan ba ta da na farkon, ba ta kuma da na biyun. Ya ce da an bar ta da koɗewarta da 'yar tsatsarta, da ya fi sonta. Ya ƙara da cewa bindigar da lambarta ta shafe, dillalin kirki ba ya son taɓa ta, ga kuma takardun izinin fitar da makami daga wata ƙasa zuwa wata, waɗanda wahalarsu za ta fi kuɗin da za a samu.

Wannan ya ba Malam mamaki da farko. A kasuwar Garwa, in za ka sayar da tsohon keke ko teburi, fenti kake yi masa domin ya yi daraja. Yaya za a ce koɗaɗɗe ya fi mai ƙyalli? Amma da ya yi tunani sai ya gane. Mai sayen keke hawa zai yi. Mai tara kayan tarihi shaida yake saye. Koɗewar da Gwaggo ta tuna, a wurin da hannu yake kamawa, ai hannun hafsan ne da na kakansu suka yi ta. Kowane tabo yana da ranar da ya samu. Fatar da take jikinta yanzu ba ta san Saint-Étienne ba, ba ta san kakansu ba, garejin kawai ta sani. Haka yake ga tsohon kuɗin azurfa, da takobi, da ƙofar sassaƙa. In an goge su fes sukan fi kyan gani, su kuma rasa abin da masani yake nema a jikinsu. Abin da ake yi wa tsohon ƙarfe in tsatsa ta kama shi ba shi da wuya, a shafa mai kaɗan, a share da tsumma mai laushi, a ajiye a busasshen wuri. Wannan yana tsayar da tsatsa, ba ya ɗauke kome.

Akwai kuma abu na uku wanda ba ƙanen ba ƙanwar da ya ambata, wato doka. Kamaru tana da dokar makamai ta ranar 14 ga Disamba, 2016. Ta karkasa makamai rukuni-rukuni, har ta ware rukuni domin tsofaffin makamai da na ajiya. Amma ba mai gida ne yake zaɓa wa bindigarsa rukuni ba. Riƙe bindiga ba tare da izinin hukuma ba laifi ne mai kai mutum kurkuku, cewa ta gādo ce kuma ba ya wanke shi. Malam ya yi tunanin ƙanensa a kan hanyar Tuboro, da shingayen jandarma da suke kanta, da libarba mai shafaffiyar lamba a cikin jakarsa. Ya yi tunanin kansa ma, da shekarun da abin nan ya yi a ƙarƙashin rufinsu, da jikokin da suke wasa a ɗakin.

Da wata ya cika, 'yan'uwan suka sāke taruwa. Malam ya faɗa musu duk abin da ya ji, bai rage kome ba. Ƙanen bai ji daɗi ba. Ya ce, "Yaya, ku kuna birni. Ni zan koma can hannu banza."

Malam ya ce, "Na sani. Ba ni da maganin abin da yake damunka. Amma in na ba ka wannan, na ba ka abin da zai sa ka tsaya a inda ya kamata ka gudu. Garin neman gira kada a rasa ido. Ka kawo yaran nan wurina su yi karatu a Garwa. Shanun kuma a matso da su kusa da gari."

Ƙanwar ba ta ce kome ba, sai hawaye. Ta riga ta lissafta kuɗin a zuciyarta. Malam ya ce shi da ƙanen za su ɗauki kuɗin makarantar babban ɗanta, shi daga fanshonsa, ƙanen kuma in an biya kuɗin auduga. Ba yawa ba ne, amma na tabbas ne.

Wani daga cikin samarin gidan ya ce laifin marigayin ne, da bai kai ta gareji ba da yanzu sun yi arziki. Gwaggo ta daka masa tsawa. Ta ce, "Kai, rufe bakinka. Yayana bai san abin da kuka sani yau ba. Ya ga kayan ubansa yana lalacewa, ya cire kuɗin aljihunsa ya gyara. Wa ya gaya masa?" Malam ya goyi bayanta. Ya kuma gaya wa saurayin cewa ko da ba a goge ta ba, ba kuɗin da zai sa gida ya yi arziki ba ne. Asarar da aka yi ta alƙaluma biyu ce, ita kuwa ba a biyanta da sefa.

A makon da ya biyo, Malam ya sayi sabon littafin rubutu. Ya zauna da Gwaggo maraice uku. Ta faɗa masa sunan garin da kakan ya fito a ƙasar Hausa, da yadda ya biyo fatake har Adamawa, da launin dokin Baturen, da yadda yakan zauna a ƙofar gida yana fassara wa mutane takardar haraji. Ta faɗi abubuwan da ba wanda ya taɓa tambayarta. Malam ya rubuta labarin nan biyu na libarbar, ya sa a ƙarƙashi cewa na Bajamushen ba daidai ba ne, ga kuma dalili. Ya rubuta abin da tsohon ya gani, har da S 19 da wurin da ya shafe. Ya wanke hotunan ya manna a ciki.

Sa'an nan ya tafi wurin hukuma hannu wofi, ya bayyana abin da suka tarar a kayan gādo, ya tambayi yadda za a yi. Ya bi abin da aka ce masa. Ya miƙa libarbar da harsashin, aka ba shi takardar shaida. Ya haɗa da wasiƙa yana roƙo, in zai yiwu, a ajiye ta a gidan kayan tarihi maimakon a lalata ta.

Ƙanen ya koma Tuboro. Tsoron bai ƙare ba, amma 'ya'yansa biyu suna kwana a Yelwa yanzu. Gwaggo takan sa a karanta mata littafin, ta riƙa gyara wuraren da ta ce Malam bai ji daidai ba. Shi kuwa yakan ce wa duk wanda ya zo masa da maganar tsohon kayan gida, takobi ne ko agogo ko akwati, kada ya yi hanzarin kai shi wurin mai goge ƙarfe. Ya fara tambayar tsofaffin gidan tukuna, ya rubuta abin da suka faɗa, ya karanta abin da yake rubuce a jikin kayan tun yana karantuwa. Littafin yana cikin akwatin ƙarfen nan, a can ƙasa, a naɗe cikin sabon ƙyalle. Tsumman mai maiƙo ma Malam bai yar ba, gama marigayin ne ya naɗe da hannunsa.